Sandunan Unguwar Katako

Zuwa ga ƙanena Usmanu, wanda ya ce a riƙa kiransa Ustaz Osman,

Assalamu alaikum. Sallamar nan haƙƙinka ce na musulmi, ba wai zuciyata ta sauka ba ne. Bayan gaisuwa, na sani wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana da rai ma ba za ka karanta ta ba, don da ajami na rubuta, ɗan abin da Ladan Tanko ya cusa mini a ka kafin in fara dako. Kai ka ce rubutun kamar kaza ta bi ta kan toka. To shi nake da shi, kuma yau ba ka da bakin katse ni.

Kwana ashirin da shida ke nan da muka kai ka. Bari in gaya maka inda kake, tunda ba ka gani ba. Can bayan gari ne, hanyar hamada, ƙaramar bas biyu ake hawa daga unguwar Faisal da muke zaune a nan Masar. Mutanen Masar ba sa haƙa wa mutum kabarinsa shi kaɗai kamar mu. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, a buɗe, a shimfiɗe ka kusa da waɗanda suka riga ka, a rufe. Wani mai hali ne ya gina shi sadaka don baƙi. Duk rayuwarka so kake a lissafa ka cikin Larabawa. To ga ka nan a tsakiyarsu, ko allon suna babu. Ka san waɗanda suka ɗauki makararka? Teloli biyu Hausawa daga kasuwar Ataba da ɗaliban Nijar na unguwar Darrasa. Mutanen da in sun gaishe ka da Hausa a ƙofar masallaci kake amsa musu da ahlan, ahlan, kana duban agogo.

'Yarka Nafisa ta sami aikin jinya a Jidda, jibi za ta tashi. Saboda ita nake wannan rubutu. Ranar sadakar uku ta tsare ni a bakin kicin da tiren shayi a hannu, ta ce Ammi, wato Baffa, mene ne abin da Babana ya yi ta maimaitawa a asibiti da yarenku? Yarenku, ka ji. Jikar Malam Barau ce take cewa yarenku. Aikinka ne wannan. Na ce mata sai na huta. Na fi kwana ashirin ina hutawa, don amsar tana da tsawo, kuma ba kai kaɗai za ta tona ba.

Tunda ka goge ta daga bakinka, bari in maimaita maka unguwar da ta haife ka. Unguwar Katako, a Bur Sudan, bayan ɗakunan ajiyar auduga, inda in teku ta cika takan lasa gindin gidan Inna Kande mai ƙosai. Ba hukuma ta raɗa mata sunan ba, mu muka raɗa. Waɗanda suka kafa ta maniyyata ne. Mutum ya baro Katsina ko Damagaram ko Katagum da ƙafa, ya yi damina a Barno, ya yi ƙodago a Wadai, ya tsinci auduga a Jazira, sai ga shi a bakin Bahar Maliya, guzuri ya ƙare, ruwa kuma ba a taka shi. Na farko a tsohuwar tashar Sawakin suka sauka. Da manyan jirage suka daina shiga can suka koma sabuwar tasha, mutanenmu suka naɗe tabarminsu suka bi su, don inda jirgi yake nan dako yake. Suka roƙi akwatunan katako da ake sauke injuna a ciki, suka ɓaɓɓalle su suka kafa ɗakuna. Shi ya sa bangon ɗakin da aka yanke maka cibiya yake da rubutun Turawa, da zanen laima, da kibiya tana kallon ƙasa, don Baba a kife ya kafa katakon.

Ba wanda ya dasa itace a unguwar nan. Ba wanda ya yi daɓen siminti. Ka tuna da Inna ta nemi a yi mata daɓe, Baba ya ƙi cin tuwonta kwana biyu? Wai matafiyi ba ya daɓe, shi baɗi zai ƙetare. Shekara arba'in yana cewa baɗi.

Aikinmu kalla-kalla ne, kowace kalla mutum goma sha biyu da shugabanta. Ƙugiya a hannu, tsumma a wuya. Riɗi, gyaɗa, ƙaro, fatu masu wari, dilar auduga da sai mutum huɗu ke juya ta. Katako ɗaya ne tsakanin gaɓa da jirgi, yana lilo, ruwa a ƙarƙashi. Da rani ƙarfen jirgi yana gasa tafin ƙafa har ka ji ƙaurinsa. Ina da shekara goma sha huɗu na hau katakon nan, ranar da ƙugun Baba ya ƙi miƙewa. Kai kana da shida. Baba ya ce ɗaya ya ɗauki buhu, ɗaya ya ɗauki alƙalami. Ban yi gardama ba. A kan gadon bayana ka je makaranta, Usmanu, kuma kullum da safe ni nake goge maka takalmi kafin in fita.

Yanzu sai maganar sanduna, wadda ka san ita nake nufi tun layin farko.

Duk wanda ya iso unguwarmu da ƙafa, ranar da ya iso yakan kai sandar tafiyarsa masallaci, a soka ta a cikin rufin, tsakanin azara da kwano. Alama ce cewa tafiya ba ta ƙare ba, hutu ake yi. In Allah ya ba shi ikon ƙetarewa, ya zare abarsa ya tafi. In mutuwa ta riga jirgi, sandar takan zauna har a sami mai tafiya, ɗansa ko ɗan unguwa, ya ɗauke ta. In ya sauka Jidda sai ya je bakin ruwa ya kafa ta a rairayi, ya kira sunan mai ita sau uku, ya ce masa ka iso. Ya juyo ya bar ta nan. Kowace Juma'a bayan an sallame, Ladan Tanko yakan miƙe ya lissafo sunayen waɗanda sandunansu ke jira, a yi musu Fatiha. In wani ya dawo ya ce ya kai ta wane, sai a cire sunan, a raba dabino. Da idon Ladan ya mutu, muryarsa ta bi, ni na karɓi lissafin, don ni kaɗai na san kowace sanda da mai ita. Ta Audu Bakatsine mai kan tsuntsu. Ta Garba Kurma da ya yi wa zane da wuta layi bakwai. Ta Inna Kande, gajeriya, don ita ma gajeriya ce. Ta Ɗan Damagaram mai gishiri. Ta Babanmu, icen kanya, da ƙarfe a gindi wanda wani maƙeri ya sa masa a Fashir, da tsaga a tsakiya da aka ɗaure da fatar raƙumi. Sittin da biyu ne suka rage a rufin.

Ɗaliban Darrasa sun ce mini wannan bidi'a ce, ba ta da asali. Ɗaya har da buɗe littafi. Na ce masa yaro, ba ibada muka ce ba ce, alkawari ne, kai da jirgin sama ya ajiye ka a nan cikin awa biyar ba za ka gane ba. Shi na yi masa uzuri. Kai fa? Kai da ka ga ƙafafun Baba, yadda faso ya tsattsaga su har ana iya ɓoye kwabo a ciki?

Sau uku ka je Makka. Sau uku. Na farko na ɗauko sandar da kaina na kai maka har ofis ɗin kamfanin ajiyar da kake wa malanta. Ka fito a guje ka ja ni bayan gini, ka ce me ya kawo ni nan da wannan tsumman, abokan aikinka suna kallo, in mayar, za ka zo ka ɗauka. Na ji da kunnena ka ce wa mai gadi wani ɗan dako ne da ka sani. Jirginka ya tashi sandar tana rufi. Na biyu ka ce kaya sun yi yawa. Ka dawo da rediyo da darduma har biyar. Na uku ba ka ma yi mana sallama ba, a bakin mutane muka ji. A lokacin ka auri 'yar mutanen Umdurman, ka ce musu ubanka falke ne daga yamma. Falke. Mutumin da bai taɓa mallakar jaki ba.

Sai akwatunan ƙarfe suka zo, kwantena, da winshi mai ɗaga abin da kalla uku ba za su ɗaga ba. Aiki ya fara ƙarewa. Kamfaninku ya ce yana son filin bayan ɗakunan auduga, za a ba mu wani wuri can gindin dutse, inda ko warin teku ba a ji. Ban ce kai ka tayar da unguwar ba. Ko babu kai za ta tashi, wannan na sani, ba ni da karatu amma ba ni da wauta. Abin da na riƙe ka da shi ƙarami ne, kuma shi ne duka. An ce a rubuta kayan masallaci da mota za ta kwashe, aka turo ka don kai ɗan unguwa ne, kana jin yaren. Ka shigo da takalminka mai sheƙi da abokan aikinka biyu a baya. Ka rubuta tabarmi. Ka rubuta butoci, agogon bango, lasifika, har tsintsiya. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga kai ya ce waɗancan itatuwan fa? Ina tsaye a bakin ƙofa. Ka ce masa ba komai ba ne, tarkacen tsofaffi ne. Ko ɗaga kai ba ka yi ba.

Ranar Alhamis mota ta kwashe abin da ke takarda. Ranar Asabar katafila ta ture abin da ba ya takarda, aka tara katakon unguwa duka aka cinna masa wuta. Hayaƙin ya yini yana tafiya kan teku. Tsofaffi suka ce ga su can sun ƙetare da kansu.

Ka zo wurina bayan kwana uku, idonka ja, ka ce ba ka zaci za a ƙona ba, ka ɗauka za a ba mu lokaci. Ka ce Yaya, har ta Baba? Na ce har ta Baba.

Ƙarya na yi maka, Usmanu.

Ranar Juma'ar da ke tsakani, bayan an watse, rana tsaka kowa ya gudu inuwa, na taka bayan taga na zare ta Baba. Ita kaɗai. Ga amalanken Sale mai ruwa a ƙofar masallaci, babu kowa a kai, ɗauka ɗaya zai kwashe sittin da ɗayan nan. Na dube shi, na dubi rufin. Na ce a'a, bari unguwa ta ga abin da ɗan makaranta ya yi. Na ɗauka gobe da safe dattawa za su taru, a kira ka, a kunyata ka a gaban mutane, sannan in fito in kwashe su kowa yana kallo. Katafila ta riga dattawa tashi. Kai ka ƙi rubuta su don kunyar Larabawa biyu. Ni na bar su don in ci ka da gardama. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata har ta rasu ba ta ji ba.

Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka. Bai wanke ka ba. Da ka ɗauke ta tun hajjinka na farko, da ka rubuta layi ɗaya, da babu abin da zan bari. Kai ka haƙa, ni na tura.

Ni ban taɓa ƙetarewa ba, ka sani. Duk shekarar da na ɗaura niyya sai wani abu ya kwance ta. Sandar ta yi shekaru a naɗe cikin buhu a ƙarƙashin gadona, ta bi ni gindin dutse, ta bi ni Khartum da bayana ya mutu na koma hannunku. Da yaƙi ya kore mu, a hanyar Halfa ta shiga Masar gwiwata ta ƙi, na kwance buhun na dogara da ita. Na ce yau asirina ya tonu. Muka zauna a bayan mota ɗaya, tana tsakanin ƙafafuna, ƙarfen gindinta yana bugun takalminka. Ka ce in janye wannan icen.

Shekara biyu muna gidan haya ɗaya a saman bene a Faisal, ɗaki biyu, mutum biyar. Kullum tana jingine a bayan ƙofa. Ka rataya hularka a kanta. Ka taɓa ɗaukarta ka zunguri kyankyaso a bayan firji. Har ka ce Nafisa ta sayo mini ta ƙarfe a kantin magani, wannan tana ba mu kunya a gaban mai gadin gida. Na yi ta jira ka gane ta. Na ce ranar da ya dube ta da kyau, ya ga fatar raƙumin nan, ya ce Yaya, wannan ba ta Baba ba ce, ranar zan gaya masa komai, mu yi kuka mu gama. Wane irin ɗa ne zai kwana shekara biyu ɗaki ɗaya da sandar ubansa bai san ta ba? Ashe tun kana yaro ba ka taɓa ɗaga kai a masallacin nan ba?

Sai ciwon ya kayar da kai, ya kwashe Larabcin kaf, kamar an share allo. Abin da ya rage a bakinka Hausar Unguwar Katako ce, irin ta Inna, wadda ka yi shekara hamsin ba ka furta ba. Matarka da 'ya'yanka suna kewaye da gado ba mai gane ko kalma. Suka ce a kira Ammi ya fassara. Na zo, na zauna a kujerar roba, sandar a hannuna. Kana kallon silin kana cewa a sauko da su, a sauko da sandunan, wuta za ta kama. Kana cewa Baba ka yi haƙuri, zan kai ka, wallahi zan kai ka, bari in gama da baƙin nan. Ka yi ta faɗa tun hantsi har la'asar.

Nafisa ta ce me yake cewa? Na ce ruwa yake so. Suka ba ka ruwa da cokali.

Tsakanin hannunka da sandar bai kai kamu ɗaya ba. Ɗora maka ita kawai zan yi a tafin hannu, in ce Manu, ga ta, ba ta ƙone ba. Harshena ya ɗauko maganar ya ajiye ya fi sau goma. Kowane lokaci sai in ga takalmin nan mai sheƙi a kan tabarmar masallaci. Na ce gobe. Da na zo goben na tarar an ja maka mayafi.

Jiya na zaunar da 'yarka, bayan uwarta ta fita karɓar magani. Na ce ta ɗauko takarda. Da Larabcina na 'yan dako na gaya mata, wanda kake cewa yana sa ka ciwon kai. Ban rage maka komai ba. Na gaya mata kakanta ba falke ba ne, ɗan dako ne da ya tako daga Katagum. Na gaya mata bayan ginin ofis, da hajji uku, da tarkacen tsofaffi. Ta yi ta kuka tana cewa Babana ba haka yake ba. Na ce haka yake, rubuta. Sannan na lissafo mata sittin da ɗayan nan, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake yi ni kaɗai kowace Juma'a har yau. Tana rubutawa tana tambaya ta yadda ake faɗa, bakinta yana karya sunayen, ina gyarawa. Sau huɗu ta maimaita Ɗan Damagaram kafin ya zauna.

Da na so, a nan zan tsaya. Da ta tafi Jidda tana ganin ubanta da laifi, baffanta da gaskiya, ta riƙa kirana kowace Juma'a. Ita ce fa mai yi mini allura, ita ce mai yanke mini farce. A gidan nan ita kaɗai ke tambaya ko na ci. Amma ita nake so ta kai ta Baba, kuma ba a ba mutum sanda ya kai ba tare da an gaya masa yadda ta kwana ba, haka muka tarar. Sai na gaya mata zancen amalanken Sale. Na gaya mata abin da ka yi ta faɗa a asibiti, da abin da na ce kana faɗa.

Ta daina kukan. Ta dubi bayan ƙofa, ta ce ita ce waccan? Na ce ita ce. Ta ce tana hannunka ranar? Na ce tana hannuna. Ta daɗe tana kallona, irin kallon Inna sak, wanda take yi in mun yi abin da ya wuce duka. Ba ta ce mini ma'alish, ba komai, ba, ba ta zage ni ba. Ta tambayi yadda ake kafa ta da abin da ake faɗa. Na koya mata da Hausa, ta rubuta a tafin hannunta. Ta ce in ta kira kakanta sau uku, za ta kira ubanta ma, ko al'ada ta yarda ko ba ta yarda ba. Na buɗe baki in ce kai ba ka tako da ƙafa ba, ba ka da rabo a ciki. Na rufe. Ta ɗauki sandar ta shiga ɗakinsu ta ja ƙofa. Yau da safe ta yi mini allura ba ta gaishe ni ba.

To ka ji inda muke. Malam Barau zai ƙetare jibi, a cikin jirgin sama, tsakanin akwatuna, a hannun yarinyar da ba ta jin yarensa. Ba haka ya so ba, amma zai isa. Sittin da ɗaya kuwa ban yafe maka su ba, kuma ban yafe wa kaina ba, mu je can mu tarar da su tare, su Inna Kande su yi mana hukunci. Na asibitin nan ne kawai ba ni da wanda zan ɗora wa. Kai kaɗai ke da ikon yafe shi, kuma na bari ka tafi da shi.

An ce ranar arba'in za a je a yi maka addu'a a bakin ɗakin nan naku. Kada ka sa ido. Hawa shida ne tsakanina da titi, kuma yanzu ba ni da abin dogarawa. Ta ƙarfen kuwa ba zan riƙe ba.

Allah ya ji ƙanka, Manu. Da gaske nake, ko da yake haƙorana a cije suke.

Yayanka da ya ɗauki buhu,
Hamidu ɗan Malam Barau, na kalla ta huɗu, Unguwar Katako.